Aji cike, ba ɗakin gwaji: ta ina za a fara koya wa yara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar SVT ce, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wata CEG, ƙaramar sakandare, cikin garin Maradi. Ajina na sankiyam, wato aji biyu, yara 80 ne, ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ko madubin ƙara girma guda ɗaya babu. Tsarin karatu ya ce a koya wa yara matakan bincike, daga lura zuwa zato, zuwa gwaji, zuwa yanke hukunci. Yarana sun haddace matakan nan, suna rera su kamar waƙa. Amma in na ba su matsala na ce su tsara gwaji da kansu, sai aji ya yi tsit. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara miki ƙarfin gwiwa a kan yaran nan.

Shirun da suke yi ba daƙiƙanci ba ne, kuma ba rashin kayan aiki ne ya jawo shi ba. Yaron da ya haddace matakai bai taɓa riƙe tambayar da ta dame shi ba, bai taɓa faɗin zatonsa wani ya musa masa ba, saboda haka bai san amfanin gwaji ba. Ana yin gwaji ne don a raba gardama. In babu gardama a ajinki, matakan nan za su zauna a kaye, wato littafin rubutu, har ranar BEPC, jarrabawar kammala CEG, a zuba su a takarda, a manta.

Abin da nake so ki sa a gaba wannan shekara guda ɗaya ne: yaranki su iya yin kwatanci na adalci. Wato a ɗauki abubuwa iri ɗaya a raba su, a canza abu ɗaya tak a wani ɓangare, a bar ɗaya ɓangaren yadda yake ya zama shaida, a maimaita, sannan a ƙirga. Duk sauran matakan da ke littafi a kan wannan suke tsaye. Kuma ba ya bukatar ɗakin gwaji. A shekarar 1747, wani likitan jirgin ruwan yaƙi na Ingila, James Lind, ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da ciwon nan da ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, jiki ya mutu. Ya ajiye su wuri ɗaya, abincinsu ɗaya, ya raba su biyu-biyu zuwa kashi shida, kowane kashi da irin maganinsa. Wasu ruwan teku, wasu ruwan tsami, wasu kuma lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya kullum. Cikin kwana shida masu shan lemu suka farfaɗo, har ɗayansu ya koma bakin aiki. Lind bai san bitamin C ba, wanda rashinsa ke kawo ciwon, sai a shekarun 1930 aka gano shi. Abin da ya sani shi ne a daidaita komai, a bambanta abu ɗaya. Tun kafin shi da ƙarnuka, likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta cewa ya yi wa wasu marasa lafiya tsagar fitar da jini, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, don ya san gaskiyar amfanin maganin. Likitoci sun daina wannan magani, amma dabarar barin ɓangaren shaida tana nan har gobe.

To, wace tambaya za ki ba su? Shawarata ki fara da wake. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin da sabon wake ke shigowa gidaje da kasuwa, kuma babu yaron Maradi da bai taɓa ganin wake ya zama gari da ramuka ba. Ki shiga aji da waken da ƙwari suka ci a cikin kwano, ki zagaya da shi, kowa ya taɓa ya sansana. Ki sa su duba da kyau: za su ga ɗige-ɗige farare manne a jikin ƙwayar. Ƙwan ƙwaron ne. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye, bayan kamar mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito cikakken ƙwaro, ta bar ramin nan mai zagaye. Wannan duk ido yana gani, ba sai da madubi ba. Daga nan ki ba su aikin gida: kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa yadda ake ajiye wake kada ƙwari su ci.

Washegari allonki zai cika. Wasu za su ce toka, wasu barkono, wasu yashi, wasu ganyen bedi, wasu bido a toshe bakinsa, wasu buhun nan mai ninki uku. Ki rubuta duka, kada ki yi wa ko ɗaya dariya, kada kuma ki nuna wanda kika fi yarda da shi. Ilimin iyayensu ne, an daɗe ana aiki da shi, kuma wani daga ciki masu bincike sun gwada sun tabbatar. Sai ki tambaya: wanne ya fi? Nan gardama za ta kaure, ɗan gidan toka ba zai yarda ɗan gidan barkono ya fi shi ba. Ki bar su su ɗan yi. In ta yi zafi sai ki ce, to, ta yaya za mu raba wannan gardama ba tare da mun dogara da bakin kowa ba?

Wurin da ya fi muhimmanci ke nan, kuma wurin da malamai suka fi gaggawa. Kada ki ba su tsarin gwajin. Ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zana nasa tsarin a takarda, ki kira biyu ko uku su bayyana a gaban aji, sauran su nemi inda tsarin yake yoyo. Kusan kullum tsarin farko haka yake fitowa: "Za mu zuba wake da barkono a gora mu rufe, bayan wata biyu mu buɗe. In bai lalace ba, barkono yana aiki." Ki riƙe wannan tsari da hannu biyu, domin darasin shekarar duka yana cikinsa. Ki tambaye su: in waken bai lalace ba, barkonon ne ya tsare shi ko rufewar? Yaran sun canza abu biyu a lokaci ɗaya, sun sa barkono kuma sun hana iska shiga, don haka ko sakamako ya yi kyau ba su san wa za su yaba ba. Sai ki ƙara da tambaya ta biyu: in ma waken nan tun farko ba shi da ƙwari fa? Da me za mu kwatanta? Ki yi shiru ki jira. Wani yaro zai ce sai a ajiye wata gora da ba a sa mata komai ba. Ranar da wannan magana ta fito daga bakin yaro, ba daga bakinki ba, ya fahimci shaida fahimtar da hadda ba ta bayarwa.

Ga tsarin da nake ganin ajinku zai iya kaiwa gare shi, amma ki bar su su iso da ƙafarsu. Tiya biyu na wake daga buhu ɗaya, wanda ƙwari suka ɗan fara taɓawa. A juye a tabarma a cakuɗa shi sosai, don kada wata gora ta samu na sama mai kyau, wata ta samu na gindin buhu. Kafin a zuba, a ɗebi ƙwaya 100 sau uku ko huɗu a ƙirga masu rami, a rubuta, domin in ba a san inda aka tashi ba, ba za a san nisan da aka yi ba. Sai ƙananan gorunan roba 16 masu haske, a wanke su bushe ƙarau. Huɗu wake zalla, a ɗaure bakinsu da ƙyalle yadda iska za ta shiga amma ƙwaro ba zai fita ba: su ne shaida. Huɗu wake da barkono, bakinsu da ƙyalle. Huɗu wake da toka, su ma da ƙyalle. Huɗu wake zalla a murɗe murfi tamau, a liƙe. Kin ga kowane kashi ya bambanta da shaida ta abu ɗaya kawai.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da in ba a kula ba za su ɓata aikin. Gorar da za a toshe dole a cika ta har wuya. Abin da ke kashe ƙwaron a rufaffen wuri shi ne numfashinsa da kansa yana cinye iskar da ke ciki, in ta ragu sai ya daina ci, ya bushe ya mutu. In an sa wake kaɗan a babbar gora, iskar da ta rage za ta ishe shi ya ci gaba da ɓarna. A kan wannan ka'ida aka gina buhun PICS, wato buhun nan mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yankinmu daga 2007, kuma an yi gwaje-gwajensa da yawa a nan Maradi tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari. Na biyu, maganar toka. Wadda masu bincike suka samu tana aiki ita ce tankaɗaɗɗiyar toka daidai yawan waken, mudu da mudu, ba ɗan barbaɗe ba. Wannan yana nufin gorar toka sai ta fi sauran girma in ana so waken ya zama daidai. Yara za su lura su ce ai an saɓa ka'ida. Madalla in sun lura. Ki bar su su tattauna wanne ya fi muhimmanci a daidaita, yawan wake ko girman gora, su yanke shawara, su rubuta dalilinsu. Masu bincike na gaske kullum cikin irin wannan zaɓi suke.

Kuma don Allah, ko yaro ya ce a gidansu da ƙwayar nan ta fostoksin ake ajiya, kada ta shigo aji. Iskar da take fitarwa guba ce mai kashe mutum a rufaffen ɗaki. A rubuta ta a allo cikin jerin hanyoyi, a yi bayanin haɗarinta, a wuce.

Yanzu yawan yaranki ya zama alheri. Yara 80, rukuni 16, biyar-biyar, kowane rukuni da gorarsa. Amma kada su zaɓa da kansu, a yi ƙuri'a: a rubuta a ƴan takardu a nannaɗe, kowane rukuni ya ɗauka. Wurin ajiya ma haka. In aka jera gorunan toka duka kusa da taga inda rana ke bugu, na shaida kuma a lungu mai sanyi, zafi ya shigo cikin gwajin ba da gayyata ba, domin zafin rana mai tsanani shi kaɗai yana kashe ƙwaron. A cakuɗa jerin da ƙuri'a a kan kanta ɗaya. Wannan dabara ta ƙuri'a da maimaitawa Ronald Fisher ne ya kafa ta a kan ƙa'ida, bayan ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya kuma fitar da littafi a kan tsara gwaji a 1935. Daga gona ta fito, ba daga ɗakin gwaji ba, saboda gona ba ta taɓa zama iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Yara za su tambaya, me ya sa gora huɗu-huɗu, ɗaya ba ta isa ba? Kada ki amsa yanzu. Ranar ƙirga za ta amsa.

Tsakanin zubawa da buɗewa a bar kamar mako takwas zuwa goma. Sanyin hunturu yana rage wa ƙwaron sauri, don haka kada a yi gaggawa. In kun zuba a ƙarshen Oktoba, ku buɗe a Janairu bayan hutu. Kafin nan, sau ɗaya a mako, minti biyar a farkon darasi, kowane rukuni ya duba gorarsa ta waje ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Ba a buɗe masu murfi ko sau ɗaya. Tun ranar farko kuma kowane yaro ya rubuta zatonsa a kaye da biro, wanne zai fi kuma saboda me, ya sa hannu. Wannan kaye na bincike ina ba shi muhimmanci ƙwarai. Shirin koyar da kimiyya ta hanyar aiki da hannu da Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, ya assasa a makarantun Faransa a tsakiyar shekarun 1990, ya dage a kan kowane yaro ya riƙe irin wannan kaye da kalmominsa. A ciki yaro yake ganin yadda tunaninsa ya sauya.

Ranar buɗewa, kada rukuni ya ƙirga nasa. Ɗan gidan toka yana so toka ta ci, in ya ga ƙwaya mai ɗan ƙaramin rami idonsa zai tsallake ta, ba don ha'inci ba, haka zuciyar mutum take. Ki juye waken kowace gora a takarda mai lamba, a tankaɗe toka da barkono, a shafe ƙwayoyin da ƙyalle, ki rarraba yadda masu ƙirga ba su san daga wace gora ya fito ba. Kowane rukuni ya ɗebi ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, ya ware masu rami. A nan ki ba su labarin abin da aka yi a Madarunfa, kusa da su. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada wani rigakafin zawo na rotabirus mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa jarirai a baki. Jarirai sama da 3,500, aka raba su da ƙuri'a, rabi aka ba su rigakafin, rabi aka ba su ruwa mai kama da shi marar magani, kuma iyaye da ma'aikatan da ke duba yaran duk ba su san wa ya samu wanne ba. Da aka buga sakamakon a 2017, rigakafin ya rage zawo mai tsanani na wannan ƙwayar cuta da wajen kashi 67 cikin 100. Shaida, ƙuri'a, yawa, da rufe idon mai ƙirga: abin da yaranki ke yi da wake, shi aka yi da rayukan jarirai a jiharsu.

Sai lambobi su hau allo. Bari in ba ki misali na ƙirƙira don ki ga abin da za ki yi da su. A ce gorunan shaida sun ba da 41, 55, 38, 60. Na barkono 36, 52, 47, 40. Masu murfi 9, 7, 12, 8. Yara za su yi saurin fitar da matsakaici su ce barkono ya fi shaida, tunda kusan 44 bai kai 48 da rabi ba. Ki tsayar da su. Ki nuna musu gorunan shaida kansu, da ba a yi musu komai ba, sun bambanta daga 38 har 60. Akwai gorar barkono da ta fi wata gorar shaida lalacewa. To bambancin 4 ko 5 a matsakaici zai iya zama sa'a ce kawai. Masu murfi kuwa, mafi lalacewa a cikinsu ma bai kusanci mafi kyawun shaida ba, wannan bambanci ne da za a iya tsayawa a kansa. Yanzu ki mayar musu da tambayarsu: da gora ɗaya-ɗaya muka yi, muka samu 60 a shaida da 36 a barkono, me za mu ce? Da kuma 38 da 52 muka samu fa? Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne, amma gani sau ɗaya yana iya ruɗin mai shi.

Ki kula da yadda suke rubuta hukunci. "Barkono ba ya aiki" ya wuce abin da suka gani. Abin da suka gani shi ne, da wannan yawan barkono, a wannan wake, cikin wannan lokaci, ba su ga bambanci bayyananne ba. Wata yarinya za ta ce kakarta tana sa fiye da haka, ko tana daka shi, ko tana haɗawa da toka. Wannan ba taurin kai ba ne, sabon zato ne, kuma ya cancanci nasa gwajin.

Game da maki, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a rage wa yaro ko ɗigo don zatonsa bai tabbata ba. In kika yi haka sau ɗaya, kin koya masa ya jira ya ji amsar malama kafin ya buɗe baki, ko ya goge abin da ya rubuta ya gyara lamba ta dace da littafi, kuma wannan ita ce ɗabi'a mafi muni da mai koyon kimiyya zai ɗauka. Maki ya tafi ga tsari: ya canza abu ɗaya? Ya ajiye shaida? Ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba? A jarrabawar aji kuma, maimakon "kawo matakan bincike", ki ba su gurgun gwaji su gyara. Misali, manomi ya sa taki a gonarsa ta fadama, bai sa a ta jigawa ba, ta fadama ta fi ba da gero, ya ce takin ne. Me ya hana mu yarda? Yaya za a sake gwajin? Yaron da ya iya amsa wannan zai iya amsa ta BEPC, amma wanda ya haddace ta BEPC kawai ba lallai ya iya wannan ba.

Na san za ki ce lokaci, tsarin karatu yana da tsawo kuma sufeto zai duba inda aka kai. Aikin nan darasi biyu yake ci a farko, biyu a ƙarshe, sai ƴan mintoci a tsakani, kuma yana shiga cikin darussan numfashi da hayayyafar ƙwari da kike koyarwa dama. Gwaji ɗaya da yara suka tsara da kansu daga farko zuwa ƙarshe ya fi goma da aka zana musu a allo. In kina son abin ɗumama hannu kafin na wake, ƙwayar gero 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle tana tsira cikin ƴan kwanaki, a kwatanta irin bana da na bara, mako ɗaya an gama.

In hali ya yi, ki nemi daraktanku ya rubuta wa tashar INRAN da ke Tarna, ko sashen noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a nemi izinin kai yara ziyara bayan sun gama nasu gwajin, ba kafin ba. Ki ba su tambaya uku su tafi da su: ina shaidarku, sau nawa kuka maimaita, kuma ta yaya kuka zaɓi inda kowane abu zai zauna? Waken da ya rage a gorunan kuma kada a dafa shi duka. A ajiye ƙwaya 100 daga kowane kashi, kafin damina a shimfiɗa su a jiƙaƙƙen ƙyalle a ga nawa za su tsira, domin manomi zai so ya san ko waken da aka toshe wa iska wata da watanni yana nan da ransa na shuka. Wannan karon ki zauna a bayan aji, su tsara shi su kaɗai.